Amsoshin Takardunku: Ina Ake Ajiye Mota a Birnin Venis, Wa Kuma Ke Ɗaukar Kaya?

 Kamar yadda muka saba, abin da aka ji a rediyo shi ne muke bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwatinsa ya samu ya karanta, ko kuma a karanta masa.

TAMBAYA

Takardar farko ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a yankin Gusau, wanda ke bin kasuwannin ƙauye da takalma da jakunkuna. Ya ce yana da ƙane da ke zaune a garin Padova na ƙasar Italiya, ya kuma gayyace shi tare da mahaifiyarsu. Ƙanen ya yi alkawarin zai kai su Venis a motarsa su kwana biyu, amma ya gaya masa wai mota ba ta shiga garin. Shi ne yake so mu bayyana masa inda ake barin motar, da yadda mutum zai yi da kayansa, musamman da yake tsohuwa tana fama da ciwon gwiwa, shi kuma yana da niyyar ya sari takalma a hanya.

Takarda ta biyu kuwa daga wani manomi ce a yankin Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ya ce musu ya kaure a majalisarsu a kan ko akwai gari a duniya da mota ba ta shiga, in kuwa akwai, ta ina abinci ke isa kasuwa, da me kuma ake kai mara lafiya asibiti.

Da yake tambayoyin biyu hanyarsu ɗaya, za mu haɗa su mu amsa.

AMSA

To malam, mun gode da takardarka, a gaida mana Inna da jiki. Abin da ƙanenka ya gaya maka gaskiya ne. A cikin tsohon birnin Venis, wanda Italiyawa ke kira Venezia, babu mota, babu babur, kai har keke ma hukuma ta hana hawansa. Dalili kuwa shi ne yadda aka gina garin. Yana arewa maso gabashin Italiya, a tsakiyar wani makeken tafki na ruwan gishiri mara zurfi, wanda wasu dogayen tsibirai na yashi suka raba shi da tekun Adiriyatik. Gudun yaƙi ne ya kai mutanen farko wurin, sama da shekara dubu da suka wuce. Da yake ƙasar duk taɓo ce, sai suka riƙa kafa dirkokin itace suna buga su cikin laka, su shimfiɗa katako da dutse a kai, sannan su ɗora gini. Itacen da ke binne cikin laka iska ba ta samunsa, shi ya sa har yau bai ruɓe ba. A haka aka samu gari a kan ƙananan tsibirai kimanin 118, ruwa ya ratsa tsakaninsu, gadoji fiye da 400 suka haɗa su.

Waɗannan gadoji su ne za ka riƙe a ranka, don su ne za su wahalar da kai ko su bar ka lafiya. Kusan kowace an yi ta da doro, domin jirgi ya samu ya wuce ta ƙarƙashinta. Watau ke nan sai ka hau matakala ta wannan gefe, ka sauka ta wancan. Tsakanin gada da gada kuma lunguna ne, wasu in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bangon hagu da na dama. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko na Zariya ya fara fahimtar abin, sai dai ya ƙara da cewa a can, bayan kowane ɗan taƙi akwai ruwa da matakala.

INDA HANYAR MOTA TA ƘARE

Gada ɗaya ce tak mota ke bi daga tudu zuwa Venis. Sunanta Ponte della Libertà, tsawonta ya kusa kilomita 4, an buɗe ta a shekarar 1933. Kusa da ita akwai gadar jirgin ƙasa, wadda ta girme ta, don tun 1846 take aiki. In ka ƙetare gadar, wuri biyu kawai za ka iya dosa da mota, kuma duk biyun a bakin gari suke. Daga nan kwalta ta ƙare.

Na farko shi ne Piazzale Roma. Ka ɗauke shi kamar babbar tashar garin, nan bas-bas da tasi ke juyawa. Akwai manyan gareji masu hawa-hawa a wurin, ɗaya na hukumar birni ne wanda aka gina tun shekarun 1930. Shi ya fi kusa da cikin gari, shi kuma ya fi tsada. A 'yan shekarun nan kuɗin ajiye mota na yini da kwana ɗaya ya haura Yuro 30. Ka tambayi 'yan canji nawa Yuro take a yau, ka lissafa kwana biyu da kanka. A wasu garejin nan akan ce ka bar mabuɗi a jikin mota, domin ma'aikata su iya matsar da ita in wuri ya cushe. Kada wannan ya ba ka mamaki, amma kuma ya zama dalilin da ba za ka bar kuɗi ko fasfo ko wani abu mai daraja a ciki ba.

Na biyu shi ne Tronchetto, ana faɗinsa Toronketto. Tsibiri ne da aka cike da ƙasa aka yi shi a shekarun 1960, yana ɗaukar dubban motoci, kuma ya fi Piazzale Roma sauƙin kuɗi. Daga nan akwai wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mara direba mai bin dogo a sama, wanda ya fara aiki a 2010, cikin 'yan mintoci zai sauke ka a Piazzale Roma. Akwai kuma jirgin ruwa na haya da ke tsayawa a wurin. Abin da za mu ja kunnenka a kai a Tronchetto shi ne 'yan kamasho. An daɗe ana kuka da wasu da ke tare baƙi suna nuna kamar ma'aikata ne, su kai su ga jiragen 'yan kasuwa masu tsada. Kai da ka san tasha ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka bi allon hukuma, ka sayi tikiti a tagar sayar da tikiti ko a na'ura.

Akwai hanya ta uku, ita ce kada a ƙetare gadar da mota sam. Garin da ke bakin gadar ta ɓangaren tudu sunansa Mestre, kuma a ƙarƙashin hukumar Venis yake. Akwai wuraren ajiye mota kusa da tashar jirgin ƙasa, sun fi na cikin ruwa araha nesa ba kusa ba. Daga Mestre jirgin ƙasa minti goma da 'yan kai yake yi zuwa Venis, kuɗinsa a shekarar 2024 bai kai Yuro 2 ba. Akwai bas, akwai kuma tarago mai bin titi wanda ya fara shiga Piazzale Roma a 2015.

Ko wanne kuka zaɓa, ku sani cewa a lokacin zafi na Turai, watau daga Yuni zuwa Agusta, da lokacin bikin Karnibal wajen watan Fabrairu, da ranakun hutun ƙarshen mako, gareji kan cika tun da hantsi, motoci su yi layi. Ƙanenka zai iya kama wuri tun daga gida ta intanet. Idan an shiga, a adana ɗan katin da na'ura ta bayar a ƙofa, don da shi ake biya a fita. Kuma kada a bar jaka a kan kujera inda mai wucewa zai hango ta.

Amma fa malam, in shawararmu za ka bi, tunda a Padova za ku sauka, ku bar motar a ƙofar gidan ƙanenka. Tsakanin Padova da Venis kilomita 40 ne ko kusa da haka, jirgin ƙasa yana yi cikin rabin awa zuwa minti hamsin, ya danganta da irin wanda kuka hau. Kuɗin tikitinku ku uku zuwa da dawowa zai yi wuya ya kai abin da za ku biya gareji na kwana biyu, balle a haɗa da mai. Sai dai ku kula, tashoshi biyu ne ke ɗauke da sunan garin. Ta farko Venezia Mestre, wannan a kan tudu take, kada ku sauka. Ta biyu Venezia Santa Lucia, nan dogo ya ƙare, kuna fita ƙofar tashar za ku ga ruwa a gabanku da jirage suna jira. In tikitin takarda kuka saya, ku saka shi a bakin 'yar na'urar da ke tashar ta buga masa hatimi kafin ku hau, in ba haka ba tara za ta hau kanku.

MAGANAR KAYA

To, mun ajiye mota. Saura kaya, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Baƙo yakan duba taswira ya ga masaukinsa bai fi rabin kilomita ba, ya ce ai wannan tafiyar minti goma ce. Abin da taswira ba ta gaya masa ba shi ne akwai gada biyar a hanyar. In yana da akwati biyu manya, kowace gada sai ya hau da ɗaya ya ajiye, ya dawo ya ɗauki ɗayan, ga jama'a na turereniya a bayansa. Saboda haka a Venis gadoji ake ƙirgawa kafin a ƙirga nisa. Tayar akwati tana amfani a lungu, amma da an zo matakala ta zama nauyi kawai.

Ka'idar da za mu ba ka mai sauƙi ce. Kada ka shiga garin da kayan da ba za ka iya ɗaga su da hannu ɗaya ka hau bene da su ba. Kwana biyu za ku yi, don haka 'yar jaka ɗaya ta ishi kowa, ta goyo ta fi, domin hannunka ɗaya na riƙe Inna ne. Takalman da kake son sara kuwa, ka yi sa'a, domin yankin da ke tsakanin Padova da Venis, a bakin kogin Brenta, ya yi suna wajen ɗinkin takalma masu tsada. Amma ka sare su ko kafin tafiyar ko bayanta, ka ajiye su a gidan ƙanenka. Kada ka kuskura ka shiga Venis da kwalayen takalma ko jakar bakko cike da haja. Ribar da kake hange za ta tafi a kuɗin dako da kuɗin jirgi.

Wanda kuma dole ta sa ya iso da manyan kaya, alal misali wanda ya sauka daga jirgin sama kai tsaye, akwai ɗakunan ajiyar kaya a tashar Santa Lucia da kuma Piazzale Roma. Ana biya bisa yawan akwatuna da tsawon lokaci, a ba ka rasidi. Ka ɗebi abin da kake bukata na kwanakin, ka bar sauran. Ka dai tambayi lokacin da suke rufewa, kada ka dawo da dare ka tarar da ƙofa a garƙame jirginka kuma na asuba ne.

Wataƙila ka ji ana cewa an hana jan akwati mai taya a Venis, wai tarar Yuro 500 ce. Wannan labari ya bazu a jaridun duniya a watan Nuwamba na 2014, amma hukumar birnin ta fito ta ƙaryata shi a lokacin. Ba a hana ba. Abin da mutanen gari ke ƙorafi a kai shi ne ƙarar tayoyi da dare a ƙarƙashin tagoginsu, da yadda buga akwati ke farfasa bakin matakalar dutse. Saboda haka in ka zo gada ka ɗaga kayanka, kada ka ja su suna bugun dutse. Abin da aka hana da gaske shi ne zama a kan matakalar gada ko gindin gine-ginen tarihi a baje abinci. A shekarar 2019 an ci wasu matafiya biyu Jamusawa tarar Yuro 950 saboda sun kunna ɗan risho suna dafa kofi a gindin gadar Rialto. Ka ga ke nan ko gajiya ta kama ka, ka nemi benci ko shagon shayi.

Akwai wata gada da za mu ambata da sunanta, don ita ce ta farko da wanda ya zo da mota yakan haɗu da ita. Ita ce Ponte della Costituzione, wadda ta haɗa Piazzale Roma da ɓangaren tashar jirgin ƙasa, an buɗe ta a 2008. Doguwa ce, matakalarta ba tsayinsu ɗaya ba ta fuskar faɗi, kuma an yi wani sashe nata da gilashi, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kayar da mutane in an yi ruwa ko raɓa. Da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ku da bukatar hawanta. Matsayar jirgin ruwa tana nan a Piazzale Roma ɗin, ku hau daga nan.

BAS ƊIN RUWA DA 'YAN DAKO

Abin da ke matsayin bas a Venis jirgin ruwa ne da suke kira vaporetto. Yana da lamba, yana da matsaya, yana da lokaci, kamar dai bas. Mai lamba 1 shi ke bin babbar hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar gari, mai tsawon kusan kilomita 4, yana tsayawa kusan a kowace matsaya, hagu da dama. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa dandalin San Marko yakan ci wajen minti arba'in. Tun daga 2022 tikitin baƙo ya zama Yuro 9.50, yana aiki na minti 75. Na yini da kwana ɗaya kuwa Yuro 25 ne, ka hau ka sauka iya son ranka. Lissafin a fili yake: in za ku hau sau uku a rana, na yini ya fi. Ga mai tafiya da tsohuwa kuwa shi ne daidai, don duk inda jirgi zai kai ku, kun huta da gada.

Kafin ka shiga matsaya sai ka kanga tikitin a jikin na'ura ta yi ƙara. Ka duba allo ka tabbatar da ɓangaren da jirgin ya nufa, domin lamba ɗaya ce mai zuwa da mai dawowa. Matsayar kanta a kan ruwa take, tana rawa in jirgi ya matso, don haka a riƙe Inna da kyau a bari ma'aikacin jirgin ya ɗaure igiya ya buɗe ƙofa tukuna. A ciki akwai kujerun da aka keɓe wa tsofaffi da marasa lafiya. Ƙaramar jaka ba a biya mata, amma kayan da suka wuce ka'ida a girma ko a yawa sai an saya musu nasu tikitin, in kuma jirgi ya cika ma'aikaci na iya cewa ka jira na baya. Jakar goyo a sauke ta a riƙe a hannu. A cikin cunkoso kuma a kula da aljihu, don masu yankan aljihu sun san baƙo hankalinsa na kan kallon gine-gine.

Akwai tasi na ruwa, ƙananan jirage masu gudu da za su kai ka har ƙofar masauki in yana bakin ruwa. Suna da daɗi, amma daga filin jirgin sama na Marco Polo zuwa cikin gari kuɗinsu yakan haura Yuro 100. In za ka hau, ku yi ciniki ya faɗa tun kana kan tudu, ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da kaya. Shi kuwa baƙin kwale-kwalen nan da kake gani a hoto, gondola, na yawon shaƙatawa ne, Yuro 90 na rabin awa da rana a shekarar 2024. Ba a ɗaukar kaya da shi.

Sai 'yan dako. E, malam, a tsakiyar Turai akwai 'yan dako, sana'a ce mai lasisi. Za ka same su a tashar jirgin ƙasa da Piazzale Roma da wasu manyan matsayu. Kurarsu abin kallo ce ga duk wanda ya san aikin baro. Tana da manyan tayoyi biyu, sannan a gaba akwai wasu 'yan ƙanana biyu a kan ƙarfe mai tsawo. In ya zo gada sai ya ɗora ƙananan a kan matakala ta sama, ya danna, ya ɗaga manyan su biyo, a haka har ya ƙetare. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne, kuma yana ƙaruwa da yawan akwatuna da nisan wuri. Ka nemi mai alamar lasisi, ku daidaita kafin ya ɗora kaya, kamar yadda za ka yi a kowace kasuwa.

ZAƁEN MASAUKI

Kafin ƙanenka ya biya kuɗin masauki, ya yi wa masu wurin tambaya uku. Wace matsayar jirgi ce ta fi kusa da ku? Gada nawa ce tsakaninta da ƙofarku? A hawa na nawa ɗakin yake, akwai kuma na'urar hawa bene? Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin yawancin gidajen tsofaffi ne, matakalarsu a miƙe take kuma matsattsiya. In amsar ta zo cewa babu gada ko ɗaya ce, to madalla. In aka ce huɗu, a nemi wani wuri, ko da ya fi araha. Mutane da yawa ma a Mestre suke kwana, inda ɗaki ya fi sauƙi kuma mota na zuwa ƙofa, su shiga Venis da safe hannu sake, su dawo da dare.

Kada kuma ka dogara da lambar gida kawai. An raba birnin unguwa shida, kuma lambar gidaje ta unguwa ce gaba ɗaya, ba ta layi ba. A unguwar Castello lambar ta haura 6,000. Sai ka ga an ba ka sunan unguwa da lamba, ka yi ta zagaye, ɗan gari ma ya kasa nuna maka. Ka nemi a rubuto maka kwatance daga matsayar jirgi, da sunan coci ko dandalin da ke kusa. A kusurwar gine-gine akwai alluna masu ruwan ɗorawa da kibiya: Rialto, San Marco, Piazzale Roma, sai Ferrovia, watau tashar jirgin ƙasa. In ka ɓata, su za su fitar da kai. Matambayi dai ba ya ɓata, amma gara ya yi tambayar ba da akwati a ka ba.

Game da Inna, kada ciwon gwiwa ya sa a bar ta a gida. Jirgi mai lamba 1 kaɗai ya isa ya nuna mata rabin garin tana zaune. Akwai matsayar da ake kira Vallaresso, daga ita har cikin dandalin San Marko babu gada. Akwai kuma Rialto Mercato, wadda ke sauke mutum a bakin kasuwar kifi da kayan lambu ba tare da ya hau babbar gadar Rialto ba. A je da safe, don kasuwar ba ta kai la'asar.

RUWA DA KUƊIN SHIGA

Abu biyu suka rage da za su iya ɓata maka shiri. Na farko tumbatsar teku, wadda ta fi zuwa daga Oktoba zuwa Janairu. Ruwa kan taso ta magudanai ya rufe wuraren da ke ƙasa-ƙasa, musamman dandalin San Marko. Mafi muni da aka auna shi ne na Nuwamba 1966, santimita 194, sai na Nuwamba 2019, santimita 187. Tun daga Oktoba 2020 akwai wasu manyan ƙofofin ƙarfe da ake tayarwa a mashigan teku in ana tsammanin babbar tumbatsa, kuma sun rage ɓarna ƙwarai. Duk da haka ƙaramar tana nan. In ta zo akan busa jiniya, a jera wasu dogayen benci a bi ta kansu, kuma bayan 'yan sa'o'i ruwan yakan janye. A irin wannan rana mai jan akwati ya shiga uku, domin ruwan gishiri ne, yana ɓata fata da yadi.

Na biyu kuɗin shiga gari. A shekarar 2024 hukuma ta fara karɓar Yuro 5 daga baƙon da ya zo yini kawai, a wasu ranaku 29 da aka ware, daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. A 2025 ranakun suka zama 54, wanda kuma ya makara wajen biya aka ninka masa zuwa Yuro 10. Wanda zai kwana a masauki cikin yankin hukumar birnin ba ya biyan wannan, amma ana so ya riƙe shaida. Ranakun na sauyawa kowace shekara, saboda haka ƙanenka ya duba kafin ku tashi, domin a 2024 tarar ta fara ne daga Yuro 50.

GA MALAMIN MARAƊI

To malam, ka ji dai akwai garin, sai ka kai wa majalisa labari. Abinci kuwa a mota yake zuwa har bakin ruwa, wajen Tronchetto, a sauke shi a loda wa jirage, jirage su bi hanyoyin ruwa da sassafe, a sake sauke shi a ɗora a kura, a haura gadoji da shi zuwa shago. Buhun fulawa da bulo da firji duk haka suke shiga. Kai da ka san abin da dako ke ƙara wa buhun gero daga gona zuwa kasuwa, ka san dalilin da ya sa komai ke da tsada a can. Wasu kayan lambun ma ba sa ganin mota sam, don a wani tsibiri mai suna Sant'Erasmo ake noma su, a kawo su kasuwar Rialto ta ruwa, kasuwar da ke ci a wurin tun shekarar 1097.

Mara lafiya jirgin asibiti ne ke zuwa ɗaukarsa, da jiniyarsa. 'Yan kwana-kwana da 'yan sanda da masu kwasar shara duk a jirgi suke aiki. Wanda ya rasu ma a jirgi ake kai shi makabarta, wadda ke kan tsibirinta daban mai suna San Michele. Wannan rayuwa tana da kyan gani amma tana da wuya, ga tsadar haya saboda gidaje da yawa sun koma masaukin baƙi. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kimanin 175,000, amma a 2022 sun gaza 50,000.

Ka kuma gaya wa abokan musunka cewa garin ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda suke zato. Garin fatake ne tun asali. Da yawa daga cikin takardun da malamanmu na ƙarni na 19 suka yi rubutu a kai, masu tambarin jinjirin wata uku, daga masana'antun wancan yanki suka fito, suka bi ta Tarabulus suka ratso Sahara a bayan raƙuma. Haka kuma duwatsun ado na gilashi da ake yi a tsibirin Murano sun daɗe suna shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma.

Malam na Gusau, da fatan ka gamsu. Ku bar mota da haja a Padova, ku ɗauki 'yar jaka ɗaya-ɗaya, ku sayi tikitin jirgi na yini, ku kuma tambayi yawan gadoji kafin ku biya ɗaki. In kun dawo lafiya ka rubuto mana yadda Inna ta ga garin, za mu karanta wa jama'a. Sauran masu sauraro kuma, takardunku na nan a hannunmu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in rai ya kai mu, a huta lafiya.